Wace Inday?

"Bulad," in ji Manong Tikyo, ya damƙe wuyan hannun Nisa da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba. "Ki ba Inday."

"Wace Inday, Manong?"

Ya dube ta kamar wadda ta tambaye shi ina gabas take, sannan ya rufe ido. Ta tsaya da kwanon kunun shinkafa a hannu tana jira ya farka ya ƙarasa magana. Bai farka ba. Kafin ƙararrawar coci ta sha biyun rana rai ya yi halinsa, ya bar Nisa, wadda suka yi shekara arba'in suna maƙwabtaka, da wasiyyar da ba kai ba gindi.

A nan fa gizo ke saƙar, domin a garin Talisay kowace mace Inday ce. Haka ake kiran mace a can, kamar yadda ake ce wa babban namiji Manong, babbar mace Nang, tsohuwa Lola. Jaririya Inday, mai sayar da mangwaro Inday, matarsa marigayiya Inday, 'yarsa da ke aikatau a Hong Kong ita ma Inday. Nisa ta zauna a bakin ƙofarta ta ƙirga na layinsu kaɗai, ta sami goma sha ɗaya.

Shi kuwa Bulad kare ne ruwan ƙasa mai karyayyen kunne. Shekara huɗu da suka wuce Tikyo, tsohon makanikin injin jirgin ruwa, ya ɗauko shi daga wani gidan ceton dabbobi, har da biyan peso dubu ɗaya da ɗari biyar. Layi ya yi mako yana dariya, ga karnuka kyauta a kowace kwana. Da ya ga haƙarƙarinsa a waje sai ya raɗa masa Bulad, wato busasshen kifi. Nisa tana sayar da abinci a ƙofar da ke kallon tasa, kuma tsakaninta da karen babu komai sai silifa. Kullum ya matso teburinta sai ta cire ta jefe shi.

Ta fara kiran 'yar Tikyo a waya.

"Nang Nisa, ni ɗakin da nake kwana ko ƙafata ba ta miƙewa," in ji 'yar tana kuka. "Ina zan sa kare? Ba ni yake nufi ba."

Aka ajiye akwatin gawa a falo, aka kafa rumfa a titi, maza suka baje karta, kamar yadda ake yi a kwanakin makoki kafin a binne. Bulad ya shige ƙarƙashin akwatin ya ƙi ci ya ƙi sha. Wata daga cikin dangi ta ɗauki hotonsa ta ɗora a intanet, ta rubuta cewa mamaci ya ce a ba Inday, ana cigiyar Inday.

Washegari da hantsi sai ga farar mota. Wata mata ta fito da riga mai zanen sawun kare, waya a ɗage, idanunta sun riga sun kawo ruwa.

"Ni ce Inday," ta ce. "Ta Gidan Inday Mai Ceton Karnuka. Allah sarki Manong, ai kullum muna magana."

Nisa ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Ta ba ta kujera, ta kawo kofi da biskit.

"Kin san shi ashe, Day?" in ji Nisa, ta gajarta Inday ɗin. "Na yi ta ruɗewa."

"Sani kai! Za ku ba da dubu uku kuɗin karɓa, saboda abinci da magani. Na ma samar masa gida, mutanen sun biya kuɗin ɗauka tun da safe."

"Su sun biya, mu ma mu biya?"

"Haka ake yi, Nang."

Nisa ba ta san yadda ake yi ba, don haka ta sauya magana. "To ina gidan naku yake, ko za mu riƙa leƙa shi?"

"Can bayan gari. Ba a zuwa, baƙi suna firgita karnuka." Matar ta durƙusa gaban akwatin tana ɗaukar hoto. "Zo, ɗan lele. Zo nan, Baƙi."

Karen dai ba baƙi ba ne, bai kuma ɗaga kai ba. Nisa ta leƙa wayar ta kafaɗar matar, ta ga hotonsa da rubutu a ƙasa: wai yana da ƙari a ciki, ana neman taimakon kuɗin tiyata, ga lambar turawa. Kanta ya sake ɗaurewa. Yaushe ya kamu da ƙari? Ko Tikyo ya gaya wa wannan bai gaya mata ba? Ga sunan Inday dai baro-baro a jikin mota. In ta hana, ta saɓa wa mamaci. In ta bari, zuciyarta ba ta kwanta ba. Direban motar ya riga ya shigo da keji.

"Ina za a kai wannan?"

Lola Sebya ce, yayar mamacin, mai shekara tamanin da uku. Tun jiya take tsaron al'adun makoki a gidan daga kujerarta: ta hana shara, ta rufe madubai, ta hana a raka baƙo ƙofa.

"Za mu tafi da karen ne, Lola," in ji matar.

"Ba ki da tsofaffi a gidanku? Ba a fita da abinci daga gidan makoki. Kina so ki kwashi mutuwa ki kai gida?"

"Lola, kare ne, ba abinci ba."

"Nisa, yaya sunansa?"

"Bulad."

"To busasshen kifi mene ne, katako?" Ta buga sandarta a ƙasa. "Ba inda za shi sai an binne ƙanena."

'Yan karta suka fashe da dariya, ɗaya har yana ƙwarewa da kofi. Matar ta duba fuskar tsohuwa ko wasa take, ta ga ba alamar wasa. Ta share hawayenta tas, ta ce za ta dawo ranar Asabar bayan jana'iza, a haɗa kuɗin. A hanyar fita ta tura biskit biyu a jaka, Lola Sebya ta sa ta dawo da su.

Kwana biyu Nisa tana ƙona shinkafa saboda tunani. Ranar Juma'a, tana neman hoton da za a ɗora kan kabari, ta buɗe gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gadon Tikyo. A ciki ta sami katin allurar kare da rasit mai hatimin gidan ceton dabbobin da lambar waya. Ta kira, wata ta ɗauka ta ce sunanta Marife.

"Manong Tikyo ya rasu?" in ji Marife. "Wayyo. Bulad yana cin abinci? Kunnen nan ya daina ruwa?"

"Kin san sunansa."

"Ni na kai shi gidan. Sai da muka zo sau biyu muka duba tsakar gida kafin mu ba shi."

Nisa ta kwashe labarin farar mota ta gaya mata.

"Kada ki ba ta ko gashinsa, Nang. Kuɗin da Manong ya biya na allura ne da dandaƙa, yana rubuce a rasit. In kare zai dawo hannunmu ba ma karɓar komai, kuma ƙofarmu a buɗe take, ki zo ki gani. Wanda ya ɓoye miki gida, akwai abin da ke cikin gidan. Amma ai ba ma sai ya dawo ba. Muna tambayar tsofaffi wa zai riƙe in ta Allah ta kasance. Bari in duba." Nisa ta ji ana buɗe takardu. "Ga shi. Ya rubuta Inday."

"Wace Inday?" Nisa ta ɗaga murya har aka waigo daga falo. "Ku mutanen nan za ku haukata ni!"

"Haka na tambaye shi nima," in ji Marife tana ɗan dariya. "Na rubuta amsarsa a gefe. Ya ce: wadda in an kawo shi za ta riƙa jifansa da silifa, amma ba za ta same shi ba. Ya ce haka ta yi da kyanwar matarsa shekara tara, tana zagi tana ajiye mata kan kifi a bayan tukunyar fure."

Nisa ta zauna a bakin gadon. Shekararta sittin da ɗaya, rabon da wani ya kira ta Inday tun mijinta na da rai. Sai yanzu ta tuna ranar da aka kawo ta layin tana amarya, Tikyo, makaniki mai baƙin hannu, ya ce, "Day, kawo akwatin in kama miki." Ita da take zaton ba mai ganin kan kifin da take ajiyewa kowace yamma. Kunya ta kama ta, sannan baƙin ciki, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwar.

Ranar Asabar farar motar ta zo ta tsaya a bakin layi. Marife na tsaye a rumfa da takarda a hannu, ta taka zuwa wajenta. Motar ta juya tun kafin ta ƙarasa.

A ƙofar maƙabarta an tara busassun ganye an kunna, kowa yana tsallake hayaƙin kafin ya kama hanyar gida, don kada mutuwa ta biyo shi. Nisa ta tsallake da igiyar Bulad a hannu, igiyar ta ƙi biyo ta. Bulad ya zauna a wancan gefen yana kallon inda aka bar Tikyo. Ta ja, ya turje. Hannunta ya kai ga silifa, ya tsaya.

Ta koma ta cikin hayaƙin, ta durƙusa da ƙyar, ta sungume shi. Bai kai nauyin da ta zata ba. Karyayyen kunnen yana taɓa wuyanta, suka tsallake tare.