Abin Da Yarinyar Tele Ta Roƙa

…kuma ga shi kuran, wutar lantarki, bai ɗauke ba yau, yau da babu mai yin ihu in ya ɗauke. Altine tana zaune gaban tele, ƙafa miƙe, fim ɗin jikokinta yana ta juyawa. Ita fa ba ta iya canza shi ba. Yadda jikanta Saidou ya bar shi, haka yake. Yara uku 'yan Nasara, sun tsinci wani dutse mai haske a bayan gida, kowa ya riƙe ya roƙi abu ɗaya, sai ya samu. Dutse kuwa! Ɗanta Issouf ma dutse ya bi har Djado, zinariya, Inna, shekara ɗaya tak in dawo… ramin ya rufta. Ko gawa ba ta gani ba.

Faransanci suke ta zubawa. Me babban yaron ya ce? Ta juya hagu. Tabarma ce kawai, da takalmin roba ƙafa ɗaya. Ina ɗayan? Ko ya tafi Damagaram cikin kayan Ramatou matar Issouf? Ba laifinta ba ne, takaba ta ƙare, mace ta koma gidan ubanta da 'ya'yanta, wa zai hana? Amma ko ɗaya… ko Kadidia…

Kadidia mai fassara. Kaka, wannan ya roƙi fukafukai. Kaka, wancan ya ce a rufe lakwal har abada, ba sauran karatu — dariya har da faɗuwa. Daidai nan Altine take tashi kullum, tukunya na kira. Daga madafa take jefo tambaya: ƙaramar fa, me ta roƙa? Amsa ɗaya ce kullum, a hankali: ta ce babanta ya dawo gida.

Yau tukunyar wa? Ladan ya kira la'asar daga dogon masallaci, bari dai ta ga uban nan tukuna, ta ga yadda ake dawowa.

Ƙaramar ta runtse ido. Ta matse dutsen. Haske… ƙofa ta buɗe…

Keke. Jan keke mai ƙararrawa.

To uban fa? Ga shi can tsaye yana tafi, ashe tun farko yana gida, shi ne mai gemun nan da ke wanke mota. Bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Keke ta roƙa.

Sau nawa Kadidia ta faɗa mata? Sau nawa ita kuma ta ce to madalla, ta ci gaba da tuƙa tuwo…