Gayyatar Na Allah a Ajin Madam Hafiza

Bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji na lakwal, makarantar bokon unguwarmu a Tasawa, manya da mu, mun matse gwiwoyi a ƙarƙashin teburan yara. Wata ƙungiyar aikin noma ce ta ce za ta ɗauki masu jin Ingilishi, shi ke nan kowa ya tuna yana son ilimi. Har da ni, mai gyaran babur, da ko Faransancin ban gama da shi ba.

Na Allah da Bello ma suna cikinmu. Tare suka tashi a Baoudetta, tare suka yi kiwo, amma tun kaka ba sa magana, saboda awakin Bello sun shiga gonar waken Na Allah sun yi mata aski. Ɗaya yana zama jikin taga, ɗaya bakin ƙofa. Yanzu kuma matar Na Allah ta haihu bayan shekaru ana jira, suna ranar Lahadi, an gaya wa kowa ban da Bello. Abin yana cin Na Allah, kowa ya gani, amma wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa.

Madam Hafiza, malamarmu, sabuwar zuwa ce daga Maradi, ba ta san komai a kai ba. Ranar ta raba tablo, wato allon aji, gida biyu. Ta ce gayyata a Ingilishi iri biyu ce: doguwa ta manya da baƙin ido, da gajera ta abokai. Ta ƙara da cewa wanda aka gayyata yana iya cewa ba zai zo ba, cikin ladabi, ba wanda zai ji haushi. Muka dubi juna. A nan ko kana Makka ranar, "Allah ya kai mu" za ka ce.

"Mutum biyu su fito," in ji ta. "Ɗaya ya gayyata, ɗaya ya ƙi. Kai na taga, da kai na ƙofa."

Ni dai na gyara zama, don kallo irin wannan ba kullum ba.

Suka fito, kowa yana duban bango dabam. Madam ta tambayi Na Allah wace gayyata zai yi.

"Suna," ya ce.

"Bon. Wace iri? Wannan baƙonka ne ko abokinka?"

Na Allah ya daɗe yana karanta tablo kamar takardar likita.

"Doguwar," ya ce.

Sai na ji tausayi ya kama ni, don na san tare da Bello aka yi masa kaciya. Ya gyara murya ya ɗauko ta. "I request the... the ple..." Harshe ya sarƙe. Ya koma farko, ya sake faɗawa rami ɗaya. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula. Can ya saki tablo, ya dubi mutumin da ke gabansa.

"Bello," ya ce. "Come. Sunday."

"Ka sauya zuwa gajerar, amma ta yi," in ji Madam. "Kai kuma ka ce masa, I'm sorry, I can't come."

Bello ya girgiza kai.

"Maimaita kawai, Malam Bello."

"Madam, wagga magana ba ta fita bakina."

"Exercice ne fa. Ba sunan gaske ba ne."

"Na gaske na. Matatai ta haihu, ɗiya mace. Duk Tasawa an sani."

Madam ta dubi Na Allah, ta dube mu, muka shiga duban kayenmu na rubutu da himma. Ita kuwa mace ce mai riƙe doka. Ta ce darasin yau ƙin gayyata ne, wanda bai ƙi ba zero gare shi, kuma makin nan ƙungiyar za ta duba.

"A sa mani zero ɗin," in ji Bello.

Ta sa masa, da jan biro. Bello ya jira ta gama, sannan ya juya ga Na Allah.

"Kai kuma, haka aka kiran mutum suna? Da Ingilishi, hannu sake? Ina gorona?"

Na Allah ya sa hannu a aljihun gaba, ya fiddo ƙullin leda, ya kwance. Goro ne ƙwaya ɗaya, ya yamushe, ya yi baƙi-baƙi.

"Wanga ai ya bushe," in ji Bello.

"Tun ran da ta haihu yake nan," in ji Na Allah.

Bello ya karɓi goron, ya ƙara dubansa. Ya kai baki, ya gatsa da kyar, ya tsaya a gaban aji yana tauna.