Wuƙar Askin Suna

Ranar da jaririyar ta kwana bakwai a duniya, waya mai ƙaya ce kewaye da benensu a Pantai Dalam, sojoji a bakin ƙofa, ba shiga ba fita saboda korona. Uwarta Hannatu tana asibiti tun da aka ciro 'yar, korona ta kama mata huhu. Abu ɗaya ta roƙi mijinta Hadi a waya, da ƙyar muryarta ke fita: a yi wa 'yarta askin suna kamar a gida, a nuna mata ita ta bidiyo, ta ji sunan da kunnenta. Rufaida suka shirya sa mata.

To, ina wanzami a Kuala Lumpur, balle a kulle? Ko reza babu a gidan, Hadi mai gemu ne. Sai wata wuƙa mai naɗewa da ya saya a kedai, wato kantin unguwa, don yankan mangwaro.

Shi kuwa karatun injiniya ya kawo shi, kuma ba ya yarda da ƙarfe sai ya gwada. Ya buɗe ta, makullin ya ce ƙas. Ƙotar ta zauna a hannu, tana da kaushi, ko da gumi ba za ta suɓuce ba. Ya buga bayanta a teburi, ba ta rufe ba. Amma da ya girgiza ruwan wuƙar sai ya ji yana ɗan rawa a wurin ƙusa. Ya ɗaure ƙusar da bakin cokali. Ya wasa ta a gindin kofin tangaram, ya gwada a fatar tumatir, ya koma ya wasa.

Maman Zahra, maƙwabciyarsu da ke riƙe da jaririyar, ta gaji da zama.

"Malam Hadi, wayarka ce ke ta kuka a ɗaki. Ko asibiti ne?"

"Bari in gama, Maman Zahra. Ba zan je wa Hannatu hannu rabbana ba."

Gaskiyar magana tsoro yake ji. Kan yarinyar laushi ne da shi kamar nunanniyar gwanda, maɗigarta na bugawa a ƙarƙashin gashi. Sai da ya aske damtsensa tas bai ga jini ba, ya tafasa wuƙar, sannan ya yi bismilla.

Wuƙa dai ta yi, ba ta da laifi ko kaɗan. Ba ta karce ba, ba ta ja gashi ba, yarinyar ko farkawa ba ta yi ba. Hadi ya ji daɗi har ya yi dariya, ya naɗe wuƙar, ya ɗauko waya da sauri ya kira asibiti.

Nas ce ta ɗauka, Bamaleshiya, fuskarta a rufe. Ta ce tun safe suke nemansa. Hannatu ta farfaɗo, ta yi ta tambayar 'yarta, har ta sa aka jingina mata wayar a filo tana jira. Kafin azahar Allah ya yi mata rasuwa.

Hadi ya daɗe yana kallon kan da ya aske, sumul, babu ko ƙwarzane. Maman Zahra na hawaye ta tambaye shi a hankali ko dai a ɗaga sunan.

Ya girgiza kai, ya sunkuya daidai kunnen yarinyar.

"Sunanki Hannatu," ya ce.