Gwajin da Ya Tare Jinin Auta

Ranar da za a ɗebi ƙwayoyin jinin Auta, Dakta ce ta kai shi asibiti a motarta. Ƙanin mijinta ne, mai aski a wani ɗan shago mai kujera biyu, kuma tun yana goye yake fama da sikila. Duk tsawon hanya tsokanarta yake yi.

"Matarmu, idan kuka gyara ni sai ki shirya. Yaya ya tsufa, ni zan karɓe ki."

"Ka fara yin ƙiba tukuna. Iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ka."

Dakta ba ta duba marasa lafiya. A ginin da ke bayan asibitin take aiki, a ɗakin da ba a shiga sai da farar riga da safar hannu da takunkumi. Can ake kai ƙwayoyin da ke haifar da jini, a saka musu wani sinadari da ma'aikatan suke kira almakashi. Shi ne ke shiga cikin ƙwayar gado ya yanka wuri ɗaya tak, don jiki ya koma yin lafiyayyen jini. Daga nan a mayar wa mai su. Matsalar ita ce almakashin yakan yanka inda ba a aike shi ba, kuma abin da ya yi kyau a jinin wannan sai ya ƙi a jinin wancan.

Shekaru ta yi tana haɗa wani gwaji mai ido, wanda ke gano ɓataccen yanka komai ƙanƙantarsa. Oga, shugaban ɗakin, ya ce tsohon gwajin ya isa, sabon zai ja wa marasa lafiya jira. Ta tsaya kai da fata a taro bayan taro har aka amince da nata. Ranar har rawa ta taka a kicin, maigidanta yana mata dariya.

Da yake Auta ɗan gida ne, ba a bar ta ta taɓa ƙwayoyinsa ba. Abokiyar aikinta, Mai Gilas, aka ba wa. Wata safiya Mai Gilas ta kira ta gaban kwamfuta.

"Zo ki duba min. Gwajinki ya kama wani abu."

Lamba ce a jikin samfurin, ba suna, amma da Dakta ta ga ranar da aka ɗebe shi, ta gane na Auta ne. Almakashin ya yi aikinsa, sai dai a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan ya ƙara yanka kusa da wurin da ke hana ƙwaya yaɗuwa barkatai.

"A tsohon gwajin fa?"

"Lafiya lau ya wuce." Mai Gilas ta cire gilashinta ta goge. "Wataƙila ba abin da zai taɓa yi masa. Wataƙila kuma nan gaba ya zama ciwon daji. Ba wanda ya sani."

Dokar da Dakta ta rubuta da hannunta ta ce kada a saka wa mutum irin waɗannan. Ba a saka ba.

Da yamma suka je gidan Mama, surukarta. Sun tarar Auta ya aske kansa tal, wai gara ya riga maganin da za a ba shi kafin a mayar masa da ƙwayoyin, wanda zai zubar masa da gashi. Ya ma damƙa wa abokinsa makullin shago. Dakta ta ce an samu matsala, sai an sake ɗiba, sai an jira. Ba ta faɗi gwajin wa ya tare ba, maigidanta kuma ya kalli ƙasa.

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji Mama. Auta ya shafa kansa ya ce, "Kenan na yi asarar suma a banza."

Binciken ya nuna cewa a ƙwayar gadon Auta akwai harafi ɗaya da ya bambanta da na mutanen da aka gwada almakashin a kansu, shi ne ya ruɗe shi. Sai an ƙera masa wani almakashin daidai da jikinsa. Aikin watanni ne.

Cikin wannan jiran ne abin ya faru. Auta ya koma shago, yana tsakar yi wa wani aski da hantsi, kilifa ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Jini ya toshe a ƙwaƙwalwa. Ya rayu, magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja. Hannun dama bai dawo ba.

Dakta ta daina zuwa gidan Mama. Takan sayi 'ya'yan itace ta ba maigidanta ya kai, ta ce aiki ya yi yawa. A wurin aiki kuwa ta nemi izini ta raini ragowar ƙwayoyin nan da aka ƙi, a cikin ɗan faranti mai murfi. Kullum da safe sai ta ciro su daga na'urar ɗumi ta leƙa su ta madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Wata rana ta kama kanta tana fatan ta ga sun lalace, sun fara tsirowa a kan juna, don ta samu abin da za ta riƙe. Ta ji kunyar kanta har ta kasa cin abincin rana. Ƙwayoyin suna nan lafiya, suna sheƙi. Mai Gilas ta ce faranti ba jikin mutum ba ne, wannan bai nuna komai ba. Gaskiya ne, amma bai sauke mata komai ba.

Aikin almakashi na biyun ya fito tsaf, ba yanka ko ɗaya a waje. Aka saka wa Auta ƙwayoyin, jinin ya kama. Sabon tsarin duba harafin kowane mara lafiya kafin a ƙera almakashi ya zama ƙa'idar ɗakin, Oga har ya yaba mata a gaban mutane. Ta ce ta gode, ta wuce banɗaki ta kulle ƙofa.

Sai bayan watanni da sallamar Auta ta je. Yana zaune a baranda, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba.

"Wa nake gani? Mama, zo ki ga baƙuwa."

Ta zauna a kan ɗan benci. "Auta, gwajin da ya tare na farkon..."

"Naki ne. Yaya ya gaya min tun ina kwance."

"Da ban nace ba, da tuni an saka maka kafin wannan ya same ka."

"Haka ne." Bai sassauta mata ba. "Na farkon nan, da gaske zai cuce ni?"

"Ban sani ba. Na duba, na sake dubawa. Ban sani ba."

Ya kalli titi, inda wani ke wanke mota. "Wata bakwai ke nan ƙashina bai yi min ciwo ba. Ban taɓa sanin haka mutane suke kwana ba. Amma wasu ranakun, idan na ga kilifa, haushinki nake ji sosai. Ba zan ɓoye miki ba."

"Ka ji. Haƙƙinka ne."

"Yau dai ban tashi da shi ba."

Mama ta fito da farantin abinci, ta ajiye a tsakaninsu, ta ajiye cokali biyu. Ba ta tambayi inda Dakta ta shige duk watannin nan ba. Ta ce kawai, "Ki yayyanka masa naman ƙanana, ba ya son ni in yi, wai ina mayar da shi jariri." Ta koma ciki.

Dakta ta jawo farantin. Ta fara yankawa da cokali, naman yana zamewa. Auta ya sa cokali da hagu ya danne mata shi.