Sharar Sawu

"Zazzage aljihunki," in ji Goggo Hilda.

Lorna ta ajiye gwangwanin shayin a bakin baranda, ta zazzage. Makulli ne da ashana.

"Ɗayan fa?"

"Haba Goggo! Kullum sai kin caje ni kamar ɓarauniya? Na ce miki na'urar ɗaukar magana tana wurin lauya."

"Lauyan naki dai. Zauna ki matsa mini ƙafa."

Shingen waya ne kawai ya raba gidajensu, a wani ɗan ƙauye yamma da Alice Springs. Mutanen ƙauyen sun daɗe suna shari'a a kan ƙasar kakanninsu, wadda wani Bature mai garken shanu ya killace da waya. A tsakiyarta akwai idon ruwa na mata. Kotu ta ce ba ta ƙi ba, amma a nuna mata akwai wadda har yanzu take riƙe da waƙar wurin, in babu a cire idon ruwan daga maganar. Waƙar ba a yin ta a kunnen namiji, har an yarda mace ce za ta saurara. Mai riƙe da ita kuwa saura mutum ɗaya, ga ta nan kwance kan gadon ƙarfe a waje, ƙoda ta gaza, karnuka sun zagaye ta. Kuma ta kafe ba za ta yi wa na'ura waƙa ba.

Lorna ta ɗora ƙafar da ta kumbura a kan cinyarta, ta fara shafa mai. Nan da nan tsohuwar ta kama gunagunin da ta saba, ƙasa-ƙasa ta hanci, tana bubbuga kafaɗar Lorna da yatsu. Kullum haka, tun da ciwon ya kwantar da ita. Lorna ta ɗauka zaginta ake yi, don ba duka tsohon yaren take kamawa ba.

"Goggo, in kin tafi da waƙar fa?"

"Wa ya ce miki zan tafi? Ke da aka jefa ki a mota kina 'yar mitsitsiya, kika dawo mana da furfura da bakin Turawa. Na san wa kike wa aiki?"

Maganar ta yi wa Lorna zafi, don ba ita ta ce hukuma ta raba ta da uwarta ba. Ita ma kuma tana da nata zargin, cewa an sayi bakin tsohuwar. Duk mako sai matar mai shanun ta tsaya da farar motarta, ta miƙo ƙatuwar cinyar naman sa ta saman shinge. Ga ragowar nan a rataye a jikin ginshiƙi, ƙudaje suna biki.

"Ni dai ban taɓa cin naman masu waya ba," Lorna ta ce, idonta a kan naman.

"To ki zauna da yunwarki. Shanun ruwana suke sha, don me ba zan ci su ba? Matsa sama, ba kwaɓa burodi na sa ki ba."

Washegari lauyan ƙungiyarsu, wani dogo mai suna Craig, ya tare ta a bakin kanti, fuskarsa ja wur don rana.

"Ta ce wani abu?"

"Gunaguni kawai."

Ya waiga hagu da dama. "Ki saka wayarki cikin ɗankwali mana, ta ɗauki muryarta. Ba zan saurara ba, mata zan miƙa wa."

"Kai ma ashe ɓarawon ne," in ji Lorna.

Amma da hantsi ta saka ɗin. Aka caje aljihu, ba a sami kome ba. Goggo Hilda ta dubi ɗankwalin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta miƙa ƙafa. Ranar ko tari ba ta yi ba. Babu gunaguni, babu bugun kafaɗa, har mai ya ƙare a hannun Lorna. Ta koma gida cike da kunya, ta wurga wayar kan katifa. Da ta dawo da kai a buɗe, gunagunin ya ci gaba, sai dai muryar ta yi ƙasa, dole Lorna ta riƙa sunkuyowa.

Da sassafe wata Talata karnuka suka fara, mata suka karɓa da kuka. Tun daga wannan safiya sunan tsohuwar ya fita daga bakin kowa, sai dai a ce Kumanjayi, yadda ake kiran duk wanda ya rasu. Aka kwashe barguna, aka ɗauke gadon, aka yi wa gidan hayaƙi. Matar mai shanun ta zo, ta tsaya nesa da hularta a hannu. Lorna ta harare ta, a ranta tana cewa nama ya yi aikinsa, waƙa ta tafi. Tana kukan rashin tsohuwar, tana kuma jin haushinta, har ba ta san wanne ya fi ci mata rai ba.

Da rana ta yi sanyi mata suka karyo rassa masu ganye, suka jeru don share sawun mamaciyar daga duk inda ta taka. Lorna ta ɗauki tsakar gidan. Tana shara, hannu yana kai da komo, ba ta ma san bakinta yana motsi ba.

Wata tsohuwa mai suna Mona, wadda aure ya kawo ƙauyen tun tana budurwa, ta tsaya cak.

"Ke! Wa ya ba ki wannan?"

"Me fa, Iya?"

"Abin da kike rerawa."

"Ba waƙa ba ce. Gunagunin Kumanjayi ne ya maƙale mini a kai."

Mona ta saki reshenta. "Waƙar idon ruwan ce! Rabona da jin ta tun kafin a ja waya. A bakin ruwan na ji ta, suna yi muna gefe." Ta juya wajen shinge, inda Craig yake jingine da motarsa. "Kai ɗan nan, ja motarka ka yi nisa! Ku ma maza, ku ba mu wuri!"

Lorna ta tuna ranar ɗankwali, ta gane ashe koya mata ake yi. Ta durƙusa daidai inda gadon yake a da, kusa da ramuka huɗu da ƙafafunsa suka bari a jar ƙasa. Mata suka zauna kewaye da ita. Ƙarar motar ta yi nisa har ta ɓace.

Ta buɗe baki, farkon ya ƙi zuwa. Sai ta ɗaga hannu ta kai kafaɗarta, ta fara bubbugawa a hankali da yatsu.