Rabon Dorcas a Darenta

Sau ɗaya a shekara wani gidan wasan kwaikwayo na arewacin Ingila yake ba kowane ɗan wasa darensa: abin da aka tara a ƙofa nasa ne, bayan an cire kuɗin gida. Mako biyu Dorcas Pilbeam ta yi tana bin gidaje cikin ruwa tana tallan nata daren, har takalminta ya buɗe baki.

Mutane sun zo kuwa, amma matsiyatan suka yi cirko-cirko a waje, sai da aka ci rabin wasa suka shiga da rabin kuɗi, yadda aka saba.

Da aka tashi, mai gidan wasan, Mista Thwaite, ya baje sulalla a tebur. "Fam tara. Haya biyar, makaɗa biyu, gawayi ɗaya, kyandir ɗaya."

"Ni fa, maigida? Yara uku na baro da yunwa!"

"Guntayen kyandir naki ne, ranki ya daɗe."

Ta kwashe su a rigar sarauniyar da ta yi wasa da ita, wadda ko tuɓewa ba ta yi ba. Ta shinshina ɗaya. Da kitsen tunkiya ake yin su.

"Maigida," ta ce, "ko kana da ɗan gishiri?"