Mai Saye Ɗaya a Incheon

Ranar da matar ƙididdiga ta sauka a tsibirin, hazo ya kwanta a kan teku har ba a gane inda ruwa ya ƙare. Pyo Malsun tana zaune a barandar gidanta tana gyangyaɗi, ganyen tekun da ta shanya yana lilo a kan igiya. A irin wannan gyangyaɗin ne take ganin odar da ake yi mata ta intanet tana tahowa ta ƙarƙashin ruwa, sululu kamar kifi, ta ratsa gonar ganye, ta hau tudu, ta shige tsohuwar kwamfutar da ke ƙuryar ɗaki, ta ce ƙililin.

Ɗanta Gitae ne ya buɗe mata shagon na intanet shekara takwas da suka wuce, kafin rigima. Rigimar kuwa ba doguwa ba ce. Ubansa ya kwanta ciwo, ya roƙe shi ya dawo ya karɓi gonar, Gitae ya ce aiki ya riƙe shi a birni, sai wata mai zuwa. Watan bai kama ba tsohon ya cika. A wurin makoki, a gaban kowa, Malsun ta ce kada ya sake taka mata ƙofa. Shi kuma, da taurin kai irin na ubansa, ya ɗauki maganar da gaske.

Bayan wata uku kwamfutar ta fara ƙara. Kowane wata oda ɗaya, ƙunshin ganyen teku biyu, a kai wani gida a birnin Incheon, amma kullum da sabon suna. Sunayen ne suka tona shi. Kai, Gitae, ko ƙarya ba ka iya ba! Yaron da ya tashi a tsibiri mai makaranta ɗaya, da ya zo ƙirƙiro suna, sai ya bi 'yan ajinsu na firamare ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare ya koma farko. Har Bang Deoksu ya yi oda, Deoksun da katanga kawai ta raba su da ita, wanda nasa ganyen ya fi nata yawa.

Malsun ba ta ce wa kowa uffan ba. Takan naɗe ƙunshin, mai gidan waya ya liƙa suna ya tafi da shi. Tsoronta ɗaya ne: ranar da ta nuna ta gane, kunya ta sa ya daina, ƙarar nan ta ɗauke, shi ke nan ta rasa ɗan abin da ya rage tsakaninsu.

"Sannu da hutawa, Inna."

Ta buɗe ido. Wata mata ce ta fito daga cikin hazon, da kati a wuya da jaka a kafaɗa.

"Yeom Hyeran nake, daga hukumar ƙididdiga. Muna bin masu sana'a muna tambayar yadda suke aiki da kwamfuta da intanet. Shagonki ya faɗo cikin waɗanda za a tambaya."

"Ni? Manyan kamfanonin Seoul sun ƙare ne?"

"Ai su ba sa ba da shayi, Inna."

To, me za ka ce wa mai irin wannan baki? Malsun ta kawo shayin sha'ir da gasasshen dankali. Hyeran ta zare takalmi, ta zauna, ta buɗe takardarta.

"Ma'aikata nawa?"

"Ni da gwiwata ta hagu. Ita ma ta kusa yin murabus."

"Kwamfuta fa?"

"Ɗaya. In kin shiga ki gaishe ta, ta girme ki."

Hyeran ta yi dariya, sannan ta bayyana mata ƙa'ida. Wanda ya bugo waya ya ce a aiko masa, ba a sa shi cikin cinikin intanet. Sai wanda ya shiga shagon ya danna oda. In dai ya danna, ko gidan waya ne ya kai masa, ko da ƙafarsa ya zo ya karɓa, duk ɗaya ne a wurinsu.

"Bara oda nawa kika samu?"

"Goma sha biyu."

"Daga mutum nawa, kuma a wane gari suke?"

Malsun ta tsura wa igiyar shanya ido. "Mutum goma sha biyu mana."

Suka shiga ɗaki don a duba garuruwan. Hyeran ta bi layin da yatsa, ta sake bi, ta ɗago a hankali.

"Inna, ai duk gida ɗaya ne."

"Gidajen birni, mutum ɗari ma sai su zauna a ciki."

"Lambar ɗakin ma ɗaya ce." Ta sassauta murya. "Abin da na rubuta ba mai ganin sa da sunanki, doka ta hana. Lamba ce kawai, za ta shige cikin dubban lambobi."

Malsun ta lumshe ido. Sai ta ga lambobin ƙasar duka suna iyo a cikin hazo, na masu sayar da firiji da na masu sayar da takalmi, ga tata 'yar ɗaya tilo a tsakiyarsu, ba wanda ya san ko wace ce, ba mai yi mata dariya.

"Rubuta ɗaya," ta ce. "Ɗana ne."

Shekara takwas ba ta furta wannan kalma ba. Kuka ya ƙwace mata, irin na tsufa, mara ƙara. Hyeran ta bar ta ta yi ya ishe ta, tana ɓare dankali kamar ba ta gani ba.

"Saura tambaya ɗaya, Inna. Kina aika wa masu saye saƙo ta shagon?"

"Ana yi ne?"

Hyeran ta nuna mata wani ɗan fili fari a ƙarƙashin odar wannan watan, wadda ta sake zuwa da sunan Deoksu. Ashe duk shekarun nan filin yana nan, wayam, yana kallon ta. In Malsun ta yi magana, ƙila ƙarar ta tafi ke nan. Amma ta riga ta faɗa sau ɗaya, bakin ya ƙi rufuwa.

"'Yar nan, rubuta masa. Ki ce: Deoksu, ka gaya wa abokinka ranar bakwai ga wata mai zuwa ce ranar haihuwarsa, kada ya cika gishiri a miyar ganyen teku da aka saba sha a ranar." Ta goge ido. "Ki ƙara, ki ce ƙofar gidan ma ta lalace, ba ta rufuwa."

Hyeran ta danna, ta sa alama a gurbin "e" na tambayar ƙarshe, ta bi jirgin ruwan yamma ta koma cikin hazonta.

Kullum ranar ɗaya ga wata ne odar take zuwa. Ɗaya ta wuce shiru. Biyu, uku, huɗu. Malsun ta daina gyangyaɗi a baranda, don ko ta rufe ido tekun wayam take ganin sa. Ta zagi bakinta, ta zagi hukumar ƙididdiga, ta zagi dankalin da ta ba matar.

Ranar biyar da hantsi, tana juya ganye a kan igiya, ɗakin ya ce ƙililin.

Ta shiga da takalmi a ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sa tabarau, ta karanta harafi-harafi. Ƙunshi biyu. Mai saye, Ma Gitae, sunansa na gaskiya. A gurbin adireshi kuwa babu Incheon, an zaɓi wancan ɗayan: mai saye zai zo ya karɓa da kansa.

Ta cire tabarau. Sannan ta ciro ganyen da ya fi kyau ta jiƙa a ruwa, ta ɗauko tukunyar miya da ke isar mutum biyu.